LAMBAR WAYAR DA BA TA DA GARI, WA KE BIYAN KUƊINTA?

 A wannan makon filinmu zai gangara Kudu, wajen 'yan'uwanmu da ke neman halaliyarsu a can: na Kasuwar Relief da bakin gada a Anaca, da na Garki da kasuwar Artisan a Inugu, da na Fatakwal da Oyigbo. Duk wanda ya san harkar waɗannan bayin Allah ya san cewa a yau waya ita ce rabin jarinsu. Mai albasa yana zaune a Anaca, wanda ya yi masa lodi yana Aliero, direban da ya ɗauko kayan yana tsakanin Lakwaja da Okene, iyalinsa suna Sakkwato, bankin da ke riƙe da kuɗinsa kuwa babban ofishinsa yana Legas. Babu abin da ya ɗinke waɗannan wurare sai 'yar wayar da ke aljihunsa.

To, akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin waɗannan 'yan kasuwa, har ma da na gida. Mutum ya sa katin Naira 500 da safe, bai kira gida ba, bai kira direba ba, amma kafin la'asar a ce da shi kuɗinsa ya ƙare. In ka bi diddigi, sau da yawa sai ka tarar kuɗin ya zurare ne ta wasu irin lambobi waɗanda ba na wani gari ba ne, ba kuma na wani mutum ba. Su ne lambobin banki masu farawa da 0700, da gajerun lambobi masu alƙaluma uku zuwa biyar, da kuma lambobin tura kuɗi masu farawa da alamar * su ƙare da alamar #. A kansu za mu yi magana yau, mu ga wanda ke yanka musu farashi, da wanda ke biya, da wanda ke da alhakin tsawatawa.

DA CAN LAMBA TANA DA GARI

Manya za su tuna da zamanin gidan waya da NITEL, kamfanin da aka kafa cikin 1985 bayan an haɗe sashen tangaraho na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. A wancan lokaci kowace lamba tana ɗauke da shaidar garinta a goshi. Kano 064, Kaduna 062, Sakkwato 060, Katsina 065, Zariya 069, Inugu 042, Anaca 046, Fatakwal 084, Legas 01. Falken da ya shiga gidan waya a Anaca don ya kira Kano ya san kiran nesa zai yi, ya kuma san kuɗinsa ya ɗara na kiran cikin gari, domin gwargwadon nisa gwargwadon kuɗi, tamkar kuɗin mota. Wahala kam akwai ta, tun da layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, sai mutum ya wuni yana jira bai samu shiga ba. Amma dai ya san abin da zai biya.

Cikin watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki, bayan gwanjon lasin da aka yi a watan Janairu na shekarar, inda aka sayar da kowane lasin Dala miliyan 285. Daga nan nisa ya daina zama ma'auni. Kira daga Fatakwal zuwa Maiduguri da kira daga wannan rumfa zuwa waccan duk kuɗinsu ɗaya, Naira 50 a minti a farkon al'amari, har zuwa 2003 da kamfanin Globacom ya shigo da lissafin sakan-sakan. Lambar salula ita ma ba ta da gari, don 0803 ko 0805 ba ta gaya maka mai ita yana Inugu ne ko yana Gusau. Tun daga watan Afrilu na 2013 ma, da aka ba mutum damar ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan, ba ta ko tabbatar maka da kamfanin da take kai. Duk da haka farashinta sananne ne, domin kullum ana tallarsa a rediyo. Lambobin garuruwa kuma suna nan ga masu wayar girke, sai dai tun daga farkon 2024 an ƙara musu alƙaluma a gaba, Kano ta koma 02064, Fatakwal 02084, Legas 0201.

Saboda haka ba a kan waɗannan biyun ƙurar take ba. Tana kan rukuni na uku ne, watau lambobi na musamman waɗanda bankuna da kamfanoni da hukumomi ke riƙe da su.

IRE-IRENSU HUƊU NE

Na farko shi ne 0800. Wannan kyauta ne ga mai kira, mai lambar shi ke biya. A Amurka aka soma wannan dabara cikin 1967 da lamba 800, domin mai saye ya kira mai sayarwa daga ko'ina ba tare da ya ji tsoron kuɗin kiran nesa ba, ta kuma samu karɓuwa har lambobin suka ƙare aka ƙaro 888 cikin 1996. A nan gida, lokacin annobar korona cikin 2020, da lamba mai farawa da 0800 Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta riƙa karɓar kiran jama'a.

Na biyu shi ne 0700. Wannan kam mai kira shi ke biya. Amfaninsa ga kamfani shi ne ya samu lamba guda ɗaya tak a duk faɗin ƙasa, wadda kuma za a iya rubuta ta da haruffa don sauƙin tunawa. In ka dubi madannan waya za ka ga 2 tana ɗauke da ABC, 3 tana ɗauke da DEF, haka har zuwa 9. Da wannan hikima ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta samu 0700-CALL-FRSC, watau 0700 2255 3772, ko da yake tana da 122 wadda ake kira kyauta, kuma ita ya kamata direbobinmu su haddace. Akasarin manyan bankunan ƙasar nan lambar 0700 suka rubuta a bayan katin cirar kuɗi.

Na uku su ne gajerun lambobi. A nan ne aka yi haɗin gambiza. Wasunsu kyauta ne, kamar 112 ta neman agajin gaggawa, da 622 ta kai ƙara wurin Hukumar Sadarwa, da 300 ta magana da kamfanin layinka. Wasunsu kuwa na kasuwanci ne zalla, na waƙar da mai kiranka zai ji, da sakamakon ƙwallo, da kacici-kacici mai alkawarin mota, kuma kuɗinsu ya ninka na saƙo na yau da kullum. Mafi muni shi ne masu sabunta kansu, waɗanda da zarar ka amsa sau ɗaya sai su riƙa ɗiba kowace rana ko kowane mako, tamkar gara a cikin rumbu.

Na huɗu su ne lambobin tura kuɗi, waɗanda ake kira USSD, irin su *737# da *894# da *919# da *966# da *901#. Su ne bankin mai ƙaramar waya wadda ba ta hawa intanet. Akwai irinsu na hukuma, kamar *346# ta duba lambar katin ɗan ƙasa, wadda ita ma ake cirar kuɗi a kanta.

Yanzu mai karatu ya dubi wannan. 0700 ta yi kama da 0703 da 0706. 0800 ta yi kama da 0802 da 0803. Tsakanin 0800 da 0700 alƙalami ɗaya ne kawai ya bambanta, alhali kuwa ɗaya kyauta ce, ɗaya da kuɗi. Tsakanin 622 ta kyauta da wata gajeriyar lamba mai cin Naira 50 ko 100 babu wata alama da ido zai gani. Ta yaya dattijon da ke sayar da wake a Garki, wanda karatunsa na allo ne, zai tantance? Kama da wane ba ta wane, amma sai wanda aka nuna masa bambancin.

YADDA KUƊIN KE TAFIYA

Dalilin da ya sa kuɗin waɗannan lambobi ya bambanta ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba ga wanda ya san dillanci. Lambar 0700 ko 0800 ba ta da wata waya takamaimai da take ringin a kanta. Wani kamfani ne mai lasin daga hukuma yake riƙe da ita. In ka buga, kamfanin layinka zai ɗauki kiran ya miƙa wa wancan kamfani, shi kuma ya juya shi zuwa ainihin ofishin da ma'aikatan banki suke zaune, ko a Legas ko a wani gari. Kaya sun bi ta hannu biyu ko uku ke nan, kowane hannu kuma da la'adarsa. Tambayar ita ce, daga aljihun wa la'adar za ta fito?

A tsarin 0800 kuɗi baya-baya yake tafiya. Mai lambar ya biya kamfanin da ya ba shi ita, wannan kuma ya biya kamfanin layin da kiran ya fito daga gare shi. A tsarin 0700 kuwa daga katinka ake ɗiba, kan farashin da kamfanin layinka ya yanka wa irin wannan lamba, wanda ba lalle ne ya zo daidai da na tsarin da kake kai ba. Bugu da ƙari, gyaran da ake yi maka in ka sa kati, watau bonas, sau da yawa ba ya aiki a kan lambobi na musamman, sai a tsallake shi a ci uwar kuɗi.

Sai kuma maganar jira. Da zarar na'ura ta ɗauka ta fara cewa danna ɗaya, danna biyu, to lissafi ya fara, ko da ba ka ji muryar ɗan Adam ba. Mu ɗauki misali, a ce minti Naira 15 ne. Dillalin shanu ya tura kuɗi daga Inugu zuwa Potiskum, an cire a asusunsa, can kuma ba su shiga ba, ga mai shanu ya ƙi sakin mota. Ya kira banki, an sa masa kiɗa minti 20. Naira 300 ta tafi kafin a ce da shi sannu. Watau shi aka yi wa laifi, shi kuma zai biya kuɗin kai kuka. Daɗin daɗawa, a wannan tsari babu abin da zai sa kamfani ya ƙara ma'aikata don a rage jira, tun da ba aljihunsa ke yoyo ba. Da a ce 0800 ce, da kowane minti na jira a kansa yake, da kuwa an ga sauri.

RIGIMAR BANKUNA DA KAMFANONIN WAYA

Babu inda wannan tambaya ta wa zai biya ta fito fili kamar a kan lambobin tura kuɗi. Shekara da shekaru bankuna da kamfanonin waya suna ja-in-ja. Kamfanonin waya suka ce hanyarsu ake bi, tilas a biya su. Bankuna suka ce ai abokin hulɗa ne ke amfana, a karɓa a wurinsa. Cikin watan Oktoba na 2019 kamfanin MTN ya sanar cewa zai fara cirar Naira 4 a kan kowane sakan 20, jama'a suka yi caa, Ministan Sadarwa na lokacin, Dakta Isa Ali Pantami, ya ba da umarnin a dakata. Cikin watan Maris na 2021 kamfanonin waya suka yi barazanar toshe lambobin bankuna saboda bashin da suka ce ya kai Naira miliyan dubu 42. Aka zauna sulhu, Babban Bankin Nijeriya da Hukumar Sadarwa suka fitar da sanarwa tare, cewa daga ran 16 ga watan Maris na 2021 za a riƙa cirar Naira 6 da kwabo 98 daga asusun abokin hulɗa, banki ya karɓa ya miƙa wa kamfanin waya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana ta cira daga asusun jama'a, amma bashin bai daina hawa ba, har ya zuwa ƙarshen 2024 ana maganar fiye da Naira miliyan dubu 200. A tsakanin nan ne aka yi canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da takardar Naira ta yi ɓatan dabo, 'yan tumatir da 'yan albasa da ba su taɓa yarda da komai ba sai tsaba suka koma karɓar kuɗi ta waya dole, don kayan gwari ba sa jiran gobe. Cikin watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta buga sunayen bankuna tara, ta ba su wa'adi zuwa ran 27 ga watan, ko su biya ko a ƙwace lambobinsu. Daga ƙarshe, cikin watan Yuni na 2025, aka sauya tsarin gaba ɗaya. Yanzu daga katin wayarka ake cirar Naira 6 da kwabo 98 a kan kowane zama na sakan 120, watau minti biyu, bayan an nemi amincewarka a fuskar waya.

An raba gardama tsakanin manya, amma a kan wa aka sauke kayan? Ɗan kasuwar da ke amfani da lambar sau 10 a rana, don duba ko kuɗi sun shigo da kuma biyan masu kaya, zai kashe Naira 69 da kwabo 80 kullum. A wata Naira 2,094 ke nan, a shekara fiye da Naira 25,000, ban da kuɗin da banki ke cira na turawar kanta. Mai babbar waya da ke shiga banki ta intanet ba ya biyan wannan kuɗi. Ashe ke nan mafi ƙarancin hali shi ke biyan abin da mai hali ya tsallake. Har ila yau, wanda ke da miliyan a asusu amma babu kati a waya, sai ya nemo kati tukuna kafin ya taɓa kuɗinsa. Minti biyu kuma ba wani lokaci ba ne ga tsohon da ke laluben lambar asusu mai alƙaluma 10 a jikin takarda, cikin hayaniyar kasuwa.

WA KE RIƘE DA MUDU?

A kasuwanninmu na gargajiya ba a barin kowa ya zo da mudunsa. Akwai Sarkin Kasuwa da ke duba mudu, in ya tarar an buga gindinsa ya ƙwace. A harkar waya wannan aiki na Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa ne, watau NCC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 75 ta 1992, aka kuma sake ƙarfafa ta da Dokar Sadarwa ta 2003. Sashe na 128 na wannan doka ya danƙa wa hukumar ikon tsara lambobi da raba su. Ma'ana, lamba dukiyar ƙasa ce, aro ake ba banki ko kamfani, ana kuma iya karɓewa, kamar yadda barazanar Janairun 2025 ta nuna. Sashe na 108 kuma ya hana kowane kamfani ɗora farashi sai da amincewar hukumar.

A gaskiya ba za a ce hukumar ta naɗe hannu ba. Cikin 2013 ta ƙayyade cewa saƙon tes kada ya wuce Naira 4, haka kuma ya tsaya har zuwa farkon 2025 da ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, saƙo ya koma Naira 6. Cikin 2016 ta fito da lamba 2442, wadda in ka aika mata da kalmar STOP za a daina damunka da saƙonnin talla. Cikin 2018 ta hana kamfanoni cusa wa mutum wata hidima ba da izninsa ba. Cikin 2023 kuma ta yi wani aiki da ya cancanci yabo, ta haɗe gajerun lambobin kamfanoni duka suka zama iri ɗaya. Da can mai layi biyu sai ya haddace *556# a nan, *123# a can. Yanzu ko wane layi kake kai, *310# duba kuɗi, *311 sa kati, *312# sayen data, *303# rance, *305# dakatar da hidimomin da ke cin kuɗi, 300 kuma magana da kamfani.

To amma yabon gwani ya zama dole, haka ma gaya masa inda ya rage. An daidaita lambobi, ba a daidaita sanin kuɗinsu ba. Har yanzu za ka ga lambar 0700 a jikin allon talla, ko a bayan kati, ko a takardar kuɗin wuta, babu ko layi ɗaya da ke cewa kiran nan nawa ne a minti. Farashin da hukuma ta amince da shi a ofis, matuƙar mai biya bai gan shi ba kafin ya biya, bai bambanta da mudun da aka auna a bayan rumfa ba.

YADDA INGILA TA YI

Ba mu kaɗai muka sha wannan ba. A Ingila an daɗe ana kuka da lambobi masu farawa da 0845 da 0870, har ta kai ga 0800 da aka ce kyauta ce, in ka kira ta da salula sai an caje ka. Hukumarsu, Ofcom, ta bi abin mataki-mataki. Cikin 2007 ta fito da lambobi masu farawa da 03, waɗanda ba su da gari, amma doka ta ce kuɗinsu kada ya wuce na kiran wayar gida. Cikin watan Yuni na 2014 aka hana ɗan kasuwa ya sa wanda ya riga ya sayi kayansa biyan fiye da kuɗin kira na yau da kullum in zai kawo kuka, cikin 2015 aka faɗaɗa wannan ga bankuna da kamfanonin inshora. Sa'an nan ran 1 ga watan Yuli na 2015 aka mai da 0800 kyauta har daga salula, aka kuma raba kuɗin sauran lambobin gida biyu: rabon kamfanin waya, wanda tilas ya bayyana wa abokan hulɗarsa, da rabon mai lambar, wanda tilas a rubuta shi a duk inda aka tallata lambar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya buƙaci sabuwar na'ura. Doka ce kawai, da niyyar aiki da ita.

Kamfanoni suna da tasu hujja, ya kuma kamata a saurara. Sun ce turakun waya da man dizal suke aiki, kayan gyara da Dala ake saye, kuma abin da aka ce kyauta ne jama'a kan yi wasa da shi, kamar yadda 'yan shashanci ke damun masu karɓar kiran 112. Duk wannan haka ne. Amma ba mu ce a yi komai a kyauta ba. Cewa muka yi a faɗi kuɗin tun kafin a ɗiba, kuma kukan da laifin kamfani ya jawo kada a ɗora kuɗinsa a kan wanda aka cuta.

ABIN DA MUKE ROƘO

Muna kira ga Hukumar Sadarwa da ta wajabta rubuta farashi a gefen kowace lamba ta musamman, a duk inda aka tallata ta. Ta kuma sa duk kiran 0700 ya fara da gajeriyar sanarwa ta kyauta mai faɗin kuɗin minti, da Hausa da Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, sa'an nan lissafi ya fara, domin yawancin waɗanda abin ya fi shafa da kunne suke karatu.

Muna kira ga Babban Banki da ya tilasta wa kowane banki ya tanadi lambar 0800 ta kai kuka, musamman ga wanda aka sace wa waya ko kati, ko wanda kuɗinsa ya maƙale a hanya. Mutumin da ɓarayi suka fara kwashe masa asusu da tsakar dare bai kamata ya tsaya neman mai sayar da kati ba kafin bankinsa ya saurare shi. Haka nan duk zaman USSD da ya katse saboda laifin hanya ko na banki, a mayar wa mutum kuɗinsa nan take ba sai ya nema ba.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan gwari da dillalan shanu, suna da bakin da ake ji. A samu allo a ƙofar ofishin ƙungiya ko a harabar masallaci, a rubuta da boko da ajami: 0800 kyauta, 0700 da kuɗi, 112 gaggawa, 122 haɗarin mota, 300 kamfanin layi, 622 hukuma. A koya wa jama'a su riƙa duba *310# kafin kira da bayansa, su kuma leƙa *305# lokaci-lokaci su ga ko akwai abin da ke cin kuɗinsu a ɓoye. In an cuce ka, fara kai kuka 300, ka karɓi lambar shaidar ƙorafinka ka adana, in ba a share maka hawaye ba sai ka kira 622 ka ba su wannan lamba. Baƙuwar lambar ƙasar waje da ta yi maka filashin ta katse, kada ka bi ta, domin akwai 'yan damfara da ke cin abinci da irin wannan kira mai tsada. Lambar sirrinka kuwa, ko wanda ya kira ya rantse daga banki yake, kada ka ba shi.

Wani zai ce Naira 7 me za ta yi? To ai da kwabo ake tara Naira, kuma waɗanda ke karɓa daga hannun miliyoyin mutane sun fi kowa sanin haka. Ɗan kasuwar da ba ya sakin buhu sai ya san nawa aka taya, bai kamata ya danna lamba bai san nawa za a cira ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.